Keken Inuwa

A shagon Baba Ilu, kan titin Foleshill,
tsakanin buhunan gari da firjin kifi,
akwai allon da muke maƙala takardu:
ɗakin haya, mai kitso, motar zuwa filin jirgi.
Ran Talata na ga sabuwa, da rubutun Inuwa:
Keke na sayarwa, lafiya lau, fam ɗari uku.

Na san keken. Na san sarƙarsa mai kuka
kamar ƙyauren tsohon shago.
Shekara huɗu yana raba wa Coventry abinci cikin ruwan sama.
Sabonsa dal, da kwalinsa, ɗari biyu da ashirin ne.

A gabana wani yaro ya tsaya, Nafi'u,
sati uku da sauka, rigar sanyunsa ta aro ce,
yana kwafe lambar waya a tafin hannu,
leɓensa na motsi, yana juya fam zuwa naira.
Na ga inda lissafin ya kai shi,
na ga ya haɗiye yawu.

Biro na aljihuna. Ban yi shawara da kowa ba.
Ƙarƙashin ɗari ukun na rubuta ƙanana:
Sabo bai kai haka ba.
Kalma biyar. Na sayi daddawata na fita.

Kafin Juma'a takardar ta cika da hannaye.
Wani ya sa: Gaskiya ne.
Wani ya sa: Ina ruwanka, kai ka saya masa?
Wata ta zana fuskar dariya da jan biro.

Inuwa ya tare ni wajen takalma, bayan sallah.
Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.
Ya ce, "Sadisu, a kasuwar garinku
wa ya taɓa biyan kuɗin farko?
Na sa ɗari uku don a taya ɗari,
in ce albarka, a ƙara, in kau da kai,
mu haɗu a ɗari da sittin, in sallama,
in haɗa masa da kwaɗo da fitila gyara.
Ka shiga sharo ba shanu.
Ciniki na mutum biyu ne,
na ukun ko dillali ko maɓarnaci,
kai kuwa ban ga ka karɓi la'ada ba."

Na ce, "Yaron ba zai taya ba.
Abin farko da ƙasar nan ta koya masa
shi ne rubutaccen farashi ba a jayayya da shi.
Madara, burodi, tikitin bas:
ka ga lamba, ka biya, ka ce na gode.
Da ya kawo maka ɗari ukun cif a ambulan,
za ka mayar masa da saura?"

Inuwa ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi.
Ya daɗe yana ɗaurewa.

"Da ka kira ni," ya ce. "Lambata na jikin takardar.
Gyara kayanka a kunne ake faɗa.
Matata ta je sayen manja
ta karanto mijinta a bango."

Wannan ban da amsarta.
Har yau ban da ita.

Nafi'u ya sayi keke wajen wani Bature a Radford,
ɗari biyu da hamsin, bai taya ba,
birkin baya ba ya ci.
Na Inuwa na nan ɗaure a ƙarfen ƙofar gidansa,
tayar gaba ta kwanta, tsatsa ta kama sarƙar,
ta daina kukan ma.
Muna gaisawa, amma da yatsu uku.
Baba Ilu ya sa wa allon gilashi da makulli.

Jiya na kai tawa takardar:
hita ta sayarwa, ta yi min hunturu biyu.
Na tsaya da biro kan kanta, Baba Ilu na jira da makulli.
Na rubuta arba'in. Na soke.
Na rubuta talatin da biyar,
na waiga ko akwai wani Sadisun a bayana,
sannan a ƙasa, ƙanana, na ƙara:
ana tayawa.